Kofin Shekara ko Karawar Mako: Wanne Ke Raya Golf na Mata?

Wanda ya tashi daga Bilbalogho, ya bar fadar Moro Naba a bayansa ya miƙi hanyar Po mai zarcewa iyakar Gana, da ya fita daga cunkoson gari zai iske filin golf na Wagadugu a wajen ƙauyen Balkuy. Tun tsakiyar shekarun 1970 filin yake nan. Wanda a talabijin kawai ya san wasan zai iya wucewa bai gane shi ba, domin babu shimfiɗaɗɗiyar ciyawar nan da ake shayarwa safe da yamma. Jar ƙasa ce da tsakuwa da itatuwa jefi-jefi. Da'irar da ke kewaye da kowane rami yashi ne da aka cuɗa da tsohon man inji don kada iska ta kwashe shi, ɗan wasa kuwa yana tafe da 'yar tabarmar roba, in ya zo bugu ya ɗora ƙwallonsa a kai. A garin da famfo ke ɗaukewa in zafin Afrilu ya tsananta, wannan dabara ce ta masu hankali.

Mata kan je wurin, amma ba su da yawa, a zango kuwa da wuya ka shiga gidan da aka taɓa kawo zancen. To in ana son wasa irin wannan ya kama ƙasa a hannun mata, ta ina ake farawa? Tarihin golf ya nuna hanya biyu. Akwai babbar gasa, wadda ake yi sau ɗaya a shekara ko shekara bibbiyu, a tara gwanaye daga nesa, a gayyato manyan baƙi, kamfanoni su zuba kuɗi, a miƙa kofi a gaban 'yan jarida. Akwai kuma karawar kulob da kulob, inda matan wannan kulob ke zuwa filin wancan a ranar da aka tsayar, mako na gaba su kuma su karɓi baƙi, ana tara maki har ƙarshen kakar wasa. Ta farkon kamar biki take, ta biyun kamar adashi: ba kiɗa, ba anko, amma kowace ta san ranar zubinta da ranar kwasarta, in ɗaya ta saɓa kuma duka sai sun ji a jikinsu. Mu a Afirka ta Yamma bikin muka fi sani. Ni kuwa a ganina adashin ne ya gina wasan a duk inda ya ginu.

Gasa ce ta riga zuwa, wannan ba musu. Ta mata ta farko da aka rubuta labarinta an yi ta a 1811 a Musselburgh, wani gari na bakin teku kusa da Edinbara a Sikotland. Waɗanda suka kara kuwa masu tallar kifi ne, matan da ke goya kwando su taka har birni su sayar. Kyautar ma sabon kwandon kifi ne da ƙyallayen siliki guda biyu. Duk mai cewa golf tun asali wasan matan manya ne, ya tuna da waɗannan. Sai dai abin na rana ɗaya ne, bai haifi wata ƙungiya ba. Sai da aka shekara fiye da hamsin kafin mata su kafa kulob nasu a St Andrews, a 1867, shi ma ɗan fili aka yanka musu a gefe na gangara ƙwallo cikin rami kawai, don a lokacin ana ganin bai dace mace ta ɗaga sanda sama da kafaɗarta ba.

Abin ya sauya a 1893, lokacin da matan wasu kulob suka taru a Landan suka kafa haɗaɗɗiyar ƙungiya, Ladies' Golf Union, suka naɗa Issette Pearson sakatariya. Wani fitaccen ɗan wasa na zamanin, Horace Hutchinson, ya rubuto musu wasiƙa cewa ƙungiyar ba za ta ɗore ba, wai mata ba sa haɗa kai, ƙarshenta rigima ce da hawaye. Ƙungiyar ta yi shekara fiye da 120 a tsaye kafin ta haɗe da hukumar golf ta R&A a 2017. A shekarar da aka kafa ta suka shirya gasar ƙasa, Lady Margaret Scott ta doke ita Pearson ɗin a wasan ƙarshe. Amma abin da ya sa ake tuna Pearson har yau ba kofi ba ne. Ita ta tsaya kai da fata aka daidaita handikaf, wato tsarin rangwamen bugu. Ana duba sakamakon 'yar wasa na baya a ba ta lamba: gwana tata ƙarama, mai koyo tata babba. In mai lamba 10 ta haɗu da mai lamba 24, sai a yafe wa ta biyun bambancin, a rarraba shi a ramukan da suka fi wuya. Kafin nan kowane kulob da nasa lissafin, mai lamba 10 a nan ba ita ce mai lamba 10 a can ba, don haka karawa tsakanin kulob biyu takan zama cuta. Da aka samu ma'auni ɗaya, sai ya zama tsohuwa mai shekara 60 za ta iya karawa da budurwa ta kuma doke ta ba tare da an tausaya mata ba. A 1910 Pearson ta ba da kofin da ake kira da sunanta, na karawar kulob da kulob a yankuna huɗu da ke kewaye da Landan, wato Surrey da Kent da Middlesex da Hertfordshire, aka ware shi don matsakaitan 'yan wasa, ba gwanaye ba. Har yau ana yin sa.

A Amurka ma haka ta faru, a Filadelfiya. A 1897 matan kulob huɗu, Merion da Belmont da Philadelphia Country Club da Philadelphia Cricket Club, suka kafa ƙungiyar matan golf ta yanki, wadda ta fi kowace daɗewa a ƙasar, kuma aikinta na farko shi ne shirya karawa tsakaninsu. Niyok ta bi sahu a 1899, Boston a 1900, daga baya biranen uku suka riƙa karawa da juna a kan Kofin Griscom. A Filadelfiya tsarin ya bunƙasa ya zama rukuni-rukuni hawa-hawa, kowane da kofinsa. Tawagar da ta zo ta ɗaya a rukuninta tana ƙalubalantar ta ƙarshen rukunin sama, in ta yi nasara ta haye, waccan ta sauko. Frances Griscom ta Merion ta ci gasar ƙasa a 1900. Ƙungiyar ƙwararrun mata ta LPGA, wadda ita ake gani a talabijin yau, sai a 1950 mata 13 suka kafa ta, shekara 53 bayan matan Filadelfiya sun fara ziyartar juna da sandunansu.

Me karawar mako ke yi da kofin shekara ba ya iyawa? Abu na farko yawan hannu. A babbar gasa gwanaye uku ko huɗu ake kallo, sauran cike gurbi ne, su ma sun sani. A karawar kulob, ana jera 'yan wasan kowane ɓangare daga gwana zuwa mai rauni, ta ɗaya da ta ɗaya, ta ƙarshe da ta ƙarshe, kuma makin da ta ƙarshen ta kawo daidai yake da na gwanar. Sau da yawa ma ita ake tsayawa jira a rami na 18, domin wasanta ne zai raba gardama. Macen da ta san ƙawayenta sun dogara da ita ba ta fashin atisaye. Kulob ɗin da ya rasa mace ɗaya da zai cike sahu da ita kuwa dole ya fita nema, ya lallashi maƙwabciya, ya ara mata sanda, ya koya mata. Ta nan wasan ke samun sababbin hannu, ba ta jawabin babban baƙo ba.

Ga kuma yadda ake ƙidayar. A babbar gasa kowane bugu ana rubuta shi daga ramin farko zuwa na ƙarshe. Mai koyo da ta yi bugu 12 a rami ɗaya ta gama yawo, sai ta ƙarasa ranar cikin kunya, sunanta a ƙasan allo kowa na gani. A karawar kulob rami-rami ake ci. In kin lalata wannan ramin, kin rasa shi kaɗai, ki ɗauki ƙwallonki ku wuce na gaba. Ga wadda ta fara wasa da girmanta, wannan sassaucin shi ke hana ta jefar da sanda tun a makon farko.

Akwai wani amfanin da ba a cika faɗa ba. Gasar shekara kamfani ko hukuma ke shiryawa, mata su zo su buga su tafi. Karawar mako kuwa sai da kyaftin, sai da sakatariya mai littafi, sai da mai kula da handikaf, sai da wadda za ta shirya mota da wadda za ta tanadi abincin baƙi. Duka matan ne da kansu. A Landan da Filadelfiya mata sun riƙe waɗannan littattafai tun kafin a ba su damar jefa ƙuri'a a zaɓen ƙasa.

Kada a ce na yi wa babbar gasa rashin adalci, don tana da abin da ba mai ƙwace mata: ita ke sa yarinya mafarki. A 1998 Se Ri Pak ta Koriya ta Kudu ta ci gasar US Women's Open, ta cire takalmi da safa ta shiga ruwa ta bugo ƙwallonta, mutanen ƙasarta na kallo. 'Yan matan da suka ga wannan suna ƙanana su ne suka mamaye golf na duniya bayan shekara goma, cikinsu har da Inbee Park da ta ci zinare a gasar Olamfik ta Rio a 2016. Babu karawar unguwa da za ta yi wannan aiki. A Maroko ma, Kofin Lalla Meryem da ake yi a Rabat ya daɗe yana kawo ƙwararrun Turai gaban 'yan matan ƙasar, kuma a 2022 Ines Laklalech ta ci gasar matan Faransa, ta zama Balarabiya ta farko da ta yi nasara a zagayen ƙwararrun matan Turai. Kuɗi ma a babbar gasa suke. Kamfanin waya ko banki yana son allonsa a bayan mai miƙa kofi. Ba ya ganin ribar biyan kuɗin man motar mata bakwai ranar Talata. Mu mutanen Wagadugu ba a koya mana darajar babban taro, garin bikin fina-finai na FESPACO da baje kolin SIAO da tseren keke na Tour du Faso ne.

Amma a duba inda irin ya faɗi. Koriya da Maroko suna da filaye da masu koyarwa da hukumomin da ke jiran yarinyar da mafarkin ya kama. Inda babu waɗannan, yarinya za ta kalli kofi ta yi sha'awa, washegari ba ta da inda za ta je. Gasar matan Afirka ta ƙasa da ƙasa, All Africa Challenge Trophy, an fara ta a Harare a 1992 bisa ƙoƙarin Tessa Covell ta Zimbabuwe, ana yin ta duk shekara biyu. Ta zo Abuja a 2010, ta zo Achimota a Akara a 2018. Aiki ne mai kyau, ya haɗa matan da da ba za su taɓa sanin juna ba. Sai dai kowace ƙasa 'yan wasan da take turawa ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, kuma Afirka ta Kudu ce ta kwashe kofin kusan kowane karo. Ba mamaki: tana da filaye ɗaruruwa, kuma lardunanta suna da lig na mata da ake bugawa kaka bayan kaka. Ashleigh Buhai, wadda ta ci babbar gasar mata ta Birtaniya a Muirfield a 2022, daga wannan ƙasa ta fito. Georgia Oboh, 'yar Najeriya ta farko da ta samu gurbi a zagayen ƙwararrun matan Turai, a Ingila aka haife ta, can kuma ta fara riƙe sanda.

A Najeriya kalandar matan golf cike take da gasar shekara. Kusan kowane babban kulob yana da tasa ta mata, IBB a Abuja da Ikoyi a Legas da sauransu, ga kuma ta ƙasa da ƙungiyar matan golf ta Najeriya ke shiryawa. A yi kwana biyu ko uku, a yi liyafa, a raba kyaututtuka, galibi fuskokin da aka gani bara su ake sake gani bana, domin mai kuɗin jirgi da otal ce ke iya bin wannan kalanda. Alhali kuwa Arewa tana da abin da Filadelfiya ta fara da shi. Filin Rayfield na Jos tun 1913 yake, na Kaduna tun 1921, ga na Kano, ga na Zariya, ga wanda marigayi Sarkin Dutse Nuhu Muhammad Sanusi ya gina a garinsa. Daga Zariya zuwa Kaduna kilomita 80 ne ko kusa da haka, Kano zuwa Zariya ba ta kai 200 ba. Tafiya ce ta a je da safe a dawo kafin magariba, in hanya da lafiya.

Wannan sharaɗin na lafiyar hanya shi ne babban raunin karawar kulob a yankinmu, kuma ba ƙarami ba ne. Tsarin yana son kulob kusa da juna da hanya mai aminci. Daga Wagadugu zuwa Yamai, inda akwai filin yashi irin namu a gefen Kogin Kwara, kilomita 500 ne ko kusa, kuma kowa ya san halin da hanyar gabas take ciki a shekarun nan. Abijan da Kumasi da Lome sai dai tafiyar kwana. Yana da wani raunin na daban: yakan zama da'irar 'yan gata. A wancan zamanin kulob ɗin Filadelfiya na attajiran fararen fata ne, ƙofarsu a rufe. Baƙaƙen mata na Amurka sai da suka kafa nasu, Wake-Robin, a Washinton a 1937, suka yi ta matsa wa gwamnati lamba har aka buɗe filin Langston a 1939. Sannan ga rigimar handikaf, don a kowace ƙasa ana samun mai ɓoye ƙwarewarta domin a ƙara mata rangwame. Littafin da ba a riƙe shi da gaskiya ba, kaka ɗaya ta isa ya watsa ƙungiya.

To Wagadugu mai fili ɗaya, da wa za ta kara? Amsar tana St Andrews. Filayen garin na jama'a ne, kulob da dama ke wasa a kansu ba tare da ko ɗaya ya mallake su ba, ciki har da na mata biyu, St Rule da St Regulus. Ashe kulob ba sai da filinsa ba. Mutane da suna da littafi sun isa. Ma'aikatan asibiti mata za su iya zama kulob, malaman makaranta kulob, 'yan kasuwar Rood Woko kulob, matan zango kulob, duka a fili guda, yau waɗannan ne masu masauki gobe waɗancan. Burkina ta riga ta ga amfanin wannan a ƙwallon ƙafa. Shekaru ana buga gasar kulob ta mata, su Princesses da Étincelles da USFA, a filayen da 'yan kallo ba su taka kara sun karya ba, ba a kuma damu da su ba. Daga cikinsu aka tsamo tawagar da ta kai ƙasar gasar matan Afirka karon farko a 2022, ta buɗe gasar da mai masauki Maroko a Rabat, aka ci ta ɗaya mai ban haushi, ta kuma yi kunnen doki biyu da biyu da Yuganda.

Ga macen zango kuwa, a nan ne ma'aunin ya fi rinjaya. Golf ba gudu, ba gogayyar jiki, ba gajeren wando na dole. Da hijabinki da doguwar rigarki za ki buga. Abin da zai hana ta shi ne lokaci da nisa da izini. Gasar kwana uku a wata ƙasa tana nufin kwana a otal, barin yara da sana'a, da doguwar magana da maigida kan wa zai raka ta. Rami tara da sanyin safiya, a kan babur tare da maƙwabciya, a dawo kafin azahar, wannan magana ce da za a iya gamawa a tsakar gida. Tun da aikin sabunta tsakiyar gari na ZACA ya rushe unguwar zango ta Zangouettin da unguwannin da ke kusa da ita a 2003, iyalai da yawa na zango aka mayar da su kudancin gari wajen Ouaga 2000, ɓangaren da filin yake, ga shi kuma zumuncin da rusau ya tarwatsa yana neman dalilin haɗuwa da ba biki ko ta'aziyya ba. Batun tsadar kaya ma an cika zuzuta shi. Doka ta ce kada sanduna su wuce 14 a jaka, ba ta ce sai sun kai ba. Mai koyo huɗu ko biyar sun ishe ta, na gwanjo, irin kayan da a nan ake kira France au revoir, kuma mata biyu za su iya karɓa-karɓa da jaka ɗaya, yau wannan gobe waccan. Samarin ƙauyukan kewaye da ke ɗaukar wa 'yan wasa jaka, da yawansu sun iya wasan fiye da iyayen gidansu. Suna da ƙanne mata, kuma za su iya koyarwa.

Saboda haka in aka ce na zaɓa, karawar mako na ɗauka, kofin shekara ya biyo baya in an sami waɗanda za su yi takararsa. Ga matan da ke wasa a Balkuy yanzu: ku raba kanku gida huɗu, kowane gida ya nemo sababbin mata biyu daga unguwarsa, ku tsayar da rana ɗaya a mako daga Nuwamba zuwa Fabrairu kafin zafi ya sauko, ku damƙa littafin handikaf a hannun wadda kowa ya yarda da amanarta. Matan Kano da Zariya da Kaduna su ma su gwada zuwa da dawowa ko sau shida ne a kaka. Kamfanin da ke shirin zuba miliyoyin sefa a liyafar kwana biyu kuma, ya ware wani kaso ya sayi sandunan aro, ya biya kuɗin shiga fili da na mota na wata huɗu.